Kwas ɗin yankan tikiti da hulɗa da jama'a: a biya wa yarinya ko a kai ta ofis ta koya?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Ƙanwata da nake riƙo ta gama difloma a aikin jarida bara, har yanzu tana zaune a gida. Jiya ta kawo min takardar tallar wata cibiya a nan Kano, wai wata uku za su koya musu aikin kamfanin shirya tafiye-tafiye: yankan tikiti, neman biza, shirya Umara, har da hulɗa da jama'a, sannan su ba da satifiket. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai na taɓa adashina. Maigidana kuma ya ce asara ce, a kai ta ofishin wani abokinsa mai jirgin yawo ta zauna ta koya kyauta. Ita yarinyar tana son aikin da gaske. Waɗanda suka san harkar, ina mafita?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai a ganina sana'ar nan ta kusa mutuwa. Duk tafiyar da na yi cikin shekara uku, a wayata na sayi tikiti, ko a shafin kamfanin jirgin ko a shafin sayar da tikiti na Wakanow. Gara ta koyi ɗinki ko harkar kwamfuta.

Baba Mai Tikiti: Wa alaikumus salam. Ɗana Abu Hanif, tafiya ina kake yi?

Abu Hanif: Abuja da Legas, Baba. Sau ɗaya na je Alƙahira.

Baba Mai Tikiti: To shi ya sa. Kai matashi ne mai boko, da katin banki, da jaka guda a kafaɗa. Ba kai ne mai shigowa ofishinmu ba. Mai shigowa shi ne dattijon da zai kai matarsa asibiti a Indiya, ana buƙatar keken guragu a kowane filin jirgi da takardar likita. Shi ne ɗan kasuwar Kwari da zai je Guangzhou ta Addis Ababa ya dawo da kaya fiye da kilon da aka yarje masa. Ita ce hajiyar da za ta Umarar azumi da jikoki uku, ɗaya bai kai shekara 2 ba, ɗaya ya haura 12, kowa da irin kuɗinsa. Waɗannan ba waya suke nema ba, mutum suke nema wanda za su kira da ƙarfe biyun dare ya ɗaga.

Na fara aikin nan tun muna rubuta tikiti da hannu, da takardar kabon a tsakani. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina tikitin takarda a watan Yunin 2008, a lokacin ma an ce mun gama yawo. Kamfanonin jirage suka zo suka zaftare kamashon da suke ba mu har ya zama ba a bakin komai ba, aka sake cewa mun mutu. Korona ta zo, 2020 da 2021 ba a je Hajji daga waje ba, ofisoshi da yawa sun rufe, wannan kam gaskiya ne. Amma waɗanda suka iya aiki suna nan.

Maman Sadik: Allah ya ƙara girma Baba. To wace hanya ce ta fi, makaranta ko ofis?

Baba Mai Tikiti: Hajiya, bari in rarrabe miki abin da ake koya, sai ki auna da kanki.

Na farko akwai injin da muke kama kujera da shi, wato manhajar da ke kan kwamfuta. Manyan su ne Amadeus da Sabre da Galileo. Baƙin allo ne da rubutu, ba hotuna. Idan kina son ganin jiragen da ke da gurbi daga Kano zuwa Jidda ranar 15 ga Maris a Amadeus, AN15MARKANJED za ki rubuta. Sai ta haddace lambobin garuruwa: KAN Kano, JED Jidda, MED Madina, NIM Yamai, ADD Addis Ababa, DXB Dubai. Yarinya mai ƙwaƙwalwa za ta kama wannan cikin 'yan makonni, matuƙar tana taɓa injin da hannunta kullum.

Na biyu shi ne dokar farashi, kuma nan ne kuɗi ke ƙonewa. Mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, tikitin ɗaya ana iya ɗaga ranarsa, na ɗayan in ya makara ya tafi ke nan. Idan ejan, wato mai yankan tikitin, ya yi kuskure, ko ya riƙe kujeru da sunayen bogi, kamfanin jirgi zai aiko masa da takardar tara, mu a harkar ADM muke ce mata. Na taɓa samun yaron da ya rubuta Muhammad a tikiti alhali Mohammed ne a fasfo. Da ya lura a ranar, da an soke tikitin ba asara. Sai bayan kwana huɗu aka gani. Daga aljihuna na biya.

Wannan na biyun, makaranta mai kyau ta fi ofis koyar da shi, domin a ofis ba wanda ke da lokacin zaunar da ke ya yi miki bayani. In aka yi rashin sa'a, shekara guda za ta yi tana hoton fasfo da sayo wa oga abinci.

Abban Khalifa: Wannan maganar ta ƙarshe haka take. Wata takwas na yi a wani ofis, ba a taɓa barina na zauna a gaban injin ba. Mai ofishin tsoro yake kada in iya in kwashe masa mutane. Sai da na biya kuɗi na yi kwas a waje sannan na san abin da suke dannawa.

Malama Ta Samaru: Salamu alaikum. Ni ɓangaren hulɗa da jama'a nake koyarwa, kuma abin da ya fara tsaya min a rai a takardar tallar nan shi ne yadda aka liƙa shi a ƙarshe kamar gyaran miya. Mutanenmu da yawa sun ɗauka jami'in hulɗa da jama'a shi ne mai riƙe makirfo a wurin taro, ko kyakkyawar yarinyar da ake ajiyewa a teburin karɓar baƙi. Ba haka ba ne. Sana'a ce mai dokarta. Cibiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya, NIPR, ta samo asali tun 1963, kuma dokar soja mai lamba 16 ta 1990 ce ta ba ta ikon yi wa masu aikin rajista da sa ido a kansu. Ba wata cibiyar wata uku da za ta mai da mutum ƙwararre a wannan fanni. Tunda ƙanwarki tana da difloma a aikin jarida, ta riga ta taka matakin farko. Ta je reshen NIPR na jiha ta tambayi sharuɗɗan shiga da na jarrabawarsu, wannan takardar ce ma'aikatu da manyan kamfanoni suka sani.

Abu Hanif: Malama, a yi min afuwa, amma abin da muke gani shi ne kakakin ma'aikata aikinsa musanta gaskiya. A ce abu ya faru, ya fito ya ce bai faru ba. Wannan har sai an je makaranta?

Malama Ta Samaru: Abin da kake gani yana faruwa, ba zan kare shi ba, kuma yana ƙona min rai fiye da yadda yake ƙona maka, domin sunan sana'ata ake ɓatawa. Amma ka dubi misalin da ke gabanmu. Jirgin 'yan Umara ya fasa tashi. Mutum hamsin suna filin jirgin Malam Aminu Kano da jakunkunansu, wasu tun daga Haɗeja da Gumel suka taso, an yi musu rakiya, an yi bankwana. Akwai ejan da zai kashe wayarsa. Akwai wanda zai ce "yanzun nan za a tashi" sau goma alhali ya san ƙarya ne. Akwai kuma wanda zai zo da ƙafarsa, ya tara su, ya gaya musu abin da ya sani da abin da bai sani ba tukuna, ya faɗi ƙarfe nawa zai dawo da sabon bayani, ya kuma dawo a kan lokacin ko da bai samo komai ba. Ya nemi tsofaffi da masu ciwon suga ya fara sama musu wurin kwana. Ya rubuta saƙo guda, gajere, da Hausa mai kyau, ya tura wa iyalansu don kada jita-jita ta riga shi isa gida. Na ukun nan shi ne ya yi hulɗa da jama'a. Kuma ana koyon sa: yadda ake tsara saƙo, wa za a fara gaya wa, wace kalma ce ke kwantar da hankali ba tare da an yi alkawarin ƙarya ba, yadda ake amsa wa ɗan jarida in ya kira.

Shi ya sa nake ganin haɗa fannonin biyu ba laifi ba ne, daidai ne ma. Laifin shi ne a ce za a gama su a wata uku.

Gwaggo Hajiya: Malama kin taɓo min inda yake min ciwo. Shekarun baya na sayar da filina na biya wani kamfani kuɗin Umarar azumi. Aka ce mana masaukinmu na kusa da Harami. Da muka isa sai ga mu a wani gida mai nisa, sai an shiga mota, ni kuma ga ciwon gwiwa. Yaron da ya raka mu ya ɓace kwana uku. Wallahi ba nisan ne ya fi ɓata min rai ba. Da tun a Kano suka ce min Hajiya kuɗinki ba zai kai kusa ba, ga abin da zai samu, da na yarda ko na ƙara. Har yau in na ji wata za ta biya su sai na hana ta. Maman Sadik, in ƙanwarki za ta shiga harkar nan, ki gaya mata kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maman Sadik: Allah sarki Gwaggo, Allah ya saka miki. In sha Allahu zan karanta mata wannan da bakina.

Baba Mai Tikiti: Hajiya, a madadin masu sana'armu ina ba ki haƙuri. Irin waɗannan su suka ja mana zagi. Kuma ga abu na uku da ban kai gare shi ba ɗazu, wato sanin hukuma. Ba kowane mai allo a bakin titi ne ke da izinin kai mutane Makka ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi. A 2023 da 2024 kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Najeriya, 20,000 daga ciki na kamfanoni ne, sauran na hukumomin jihohi. Sannan akwai rajistar kamfani, da ta hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar IATA ga mai son yanka tikiti da sunansa. Akwai ƙungiyarmu NANTA, akwai AHUON ta masu Hajji da Umara. Duk ofishin da za a kai yarinya, a fara tambaya wanne daga cikin waɗannan yake da shi. In ya fara kame-kame, a ɗauke ta.

Ku tuna Hajjin 2024. Sama da mutum 1,300 suka rasu a zafin nan, kuma Saudiyya ta ce mafi yawansu ba su da izinin aikin Hajji, ba tanti, ba motar da za ta ɗauke su. Wa ya kai su? Ejan-ejan ne suka sayar musu da bizar ziyara suka ce za ta yi. Masar sai da ta ƙwace lasisin kamfanoni 16 a kan haka. Yaron da bai san bambancin biza da biza ba, rai zai iya salwanta a hannunsa.

Ummu Aiman: Baba, tunda mace ce ni akwai abin da nake tsoro. Wasu ofisoshin da sunan tikiti ake buɗe su, amma ainihin cinikinsu tura 'yan mata aikatau ne zuwa ƙasashen Larabawa. Kuma sun fi son ɗaukar mace aiki don iyaye su saki jiki da ita. 'Yar maƙwabtanmu haka aka yi amfani da ita tana kawo ƙawayenta, ita ba ta ma san abin da ake ƙullawa ba, sai da maganar ta kai ga hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP.

Baba Mai Tikiti: Gaskiya ne 'yata, kuma alamarsu ba ta ɓuya. Ofishin da za ki ga an tara fasfo na 'yan mata zalla, ba mai tambayar ranar dawowa, ki san ba tafiya ake sayarwa ba. Amma kada wannan ya sa a hana mata aikin. Muna matuƙar buƙatarsu. Mata sun yi yawa a cikin masu zuwa Umara, kuma akwai tambayoyin da hajiya ba za ta taɓa yi wa namiji ba, na lalurar mata da ibada, na wanda za a haɗa ta ɗaki da shi. Mace mai ilimi da haƙuri a ofis, ita ke riƙe mana iyalai shekara da shekaru.

Ɗan Damagaram: Ina gaida mutanen zaure. A wajenmu Nijar, kamfanoni masu zaman kansu ne ke ɗaukar alhazai, hukumar Hajji da Umara, COHO, tana sa ido. Masu son aikin sadarwa da yawa makarantar koyon aikin jarida ta Yamai suke zuwa, wadda a da ake kira IFTIC. Abin da zan ƙara shi ne harshe. Ni Faransanci da Hausa na iya, sai na ga injin tikiti da dokokin farashi duk da Turancin Ingilishi suke, can Saudiyya kuma mai otal da direba Larabci suke ji. Sai da na koma islamiyyar dare. Yarinyar da ta haɗa Hausa da Ingilishi da ɗan Larabcin ciniki ta fi mai satifiket uku.

Sannan kada a ɗora rayuwa a kan hanya guda. Ku dubi Agadas. A da jirage na sauke Turawa masu zuwa duwatsun Ayar da Tenere, gasar motocin Paris-Dakar na ratsawa, samari da yawa sun ci abinci da jagorancin baƙi. Tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya suka tsayar da komai. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin ba su dawo kamar da ba. Waɗanda suka tsira su ne masu wata sana'ar a hannu.

Abu Hanif: To ai maganata ke nan. Harka ce da abu kaɗan ke rusa ta.

Abban Khalifa: Ba ƙarya ka yi ba a nan. Lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har IATA ta ce sun haura dala miliyan 800 a 2023, sai kamfanonin suka rufe mana kujeru masu araha. Emirates ta daina zuwa tun ƙarshen 2022, sai Oktoban 2024 ta dawo. Ka faɗa wa mutum farashi da safe, kafin ya kawo kuɗi da yamma ya canza. Mun sha zagi a kan abin da ba mu muka jawo ba. Amma a lokacin ne na gane abin da Malama take faɗa. Waɗanda na zauna na yi wa bayanin dalili tun farko, na kuma rubuta musu cewa farashin na awa kaza ne kawai, su ne har yau suke turo min 'yan'uwansu.

Malama Ta Samaru: Kuma wannan ita ce amsar tsoron Abu Hanif. In tafiye-tafiye suka tsaya, wanda ya iya rubuta sanarwa, ya iya kula da shafin kamfani a Facebook da WhatsApp, ya iya sauraron mai ƙorafi har ya huce, asibiti na neman sa, makaranta na neman sa, banki na neman sa. Wanda injin tikiti kaɗai ya iya shi ne zai zauna.

Maman Sadik, kafin ki ba kowa kuɗi, ki leƙa na gwamnati ma. Akwai NIHOTOUR, cibiyar koyar da harkar baƙi da yawon buɗe ido ta tarayya, wadda ta daɗe da reshe a Bagauda. Kwalejojin kimiyya da fasaha irin Kaduna Polytechnic suna da sashen yawon buɗe ido. Ita kuma cibiyar da ta kawo miki tallarta, ki tambaye su wa ya amince da satifiket ɗinsu. Hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tantance irin waɗannan makarantun sana'a. In sun ce takardar IATA suke bayarwa, IATA na da jerin cibiyoyin da ta yarda da su a shafinta, ki sa yarinyar ta duba da kanta.

Baba Mai Tikiti: Ni kuma ga tawa tambayar, ki je da ita. Ki ce su nuna miki ɗakin karatun. Kwamfuta nawa, ɗalibi nawa? Injin Amadeus ko Sabre na gwaji yana aiki a kansu, ko hotonsa kawai ake haskawa a bango? Malamin ya taɓa yanka tikiti ya mayar da kuɗin wanda ya fasa tafiya, ko a littafi ya karanta? Suna tura ɗalibai ofisoshi sanin makamar aiki? Sannan ki ce su haɗa ki da mutum biyu da suka gama bara, ki ji inda suke yanzu.

Shugaban Zaure: 'Yan'uwa, na goge saƙonni biyu na masu tallar cibiyoyinsu da lambar waya. Shawara aka nema, a bar talla don Allah.

Maman Sadik: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Yau da safe muka je ni da ita. Ɗakin yana da kyau, amma kwamfuta huɗu ce, ɗaliban da muka tarar sun fi ashirin. Da na yi tambayar Baba a kan injin, sai aka ce min ana kan shirin haɗawa. Darasin hulɗa da jama'a kuwa mako ɗaya ne a jadawalinsu. Na nemi lambar waɗanda suka gama, aka ce sai mai cibiyar ya dawo daga tafiya. Ban biya ba. Yarinyar ta ɓata rai a hanya, amma da na ba ta wayata ta karanta abin da Gwaggo ta rubuta sai ta yi shiru.

Abin da muka tsayar da maigidana shi ne za ta fara zuwa ofishin abokin nasa, in mun ga lasisinsa, mu kuma ci gaba da neman inda ake koyar da injin da gaske. Ranar Litinin za ta je ofishin NIPR.

Abban Khalifa: Anti, ku yi magana da mai ofishin tun yanzu a kan awa nawa za a bar ta a gaban injin kowace rana. In ba a faɗa a gaban maigidanki ba, ba za a yi ba.

Baba Mai Tikiti: Haka ne. Kuma kada a jira, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Rajab aikin Umara ke fara zafi, in Sha'aban ya raba ba wanda zai kalle ta balle ya koya mata. Ta fara yanzu da ofis ke da sauƙi. Ta sayi littafi mai kauri, duk fasfon da ya biyo ta hannunta ta duba abu uku kafin komai: yadda aka rubuta sunan harafi da harafi, ranar haihuwa, da ko ya rage masa wata 6 kafin ya ƙare. Duk kuskuren da ta ga an yi a ofis ta rubuta shi da abin da ya ci. Bayan wata biyu ki turo min abin da ta tara ta hannun Shugaban Zaure, zan duba in gaya miki ko ana koya mata ko aike kawai take yi.

Maman Sadik: Na gode Baba, Allah ya ja kwana. Gwaggo, ta ce in tambaye ki, da yaron nan da ya raka ku bai ɓace ba, me kike so ya yi muku a ranar farko?

Gwaggo Hajiya: Ki ce mata ya zauna da mu kawai ya faɗi gaskiya, sannan ya nuna mana inda za mu hau motar Harami da inda za ta sauke mu. Kwana biyu muka yi muna tambayar mutanen da ba sa jin Hausa.